Ƙafar Iro Fid-da-Rai

Da sunan Allah Mai ba da lafiya, Mai karɓar abinsa in Ya so. Sunana Habu, mutumin wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi. Amma in ka shiga kasuwannin ƙasarmu kana tambayar tsofaffi Habu, ba wanda zai gane, sai ka ce Sa-Rai. Da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci nake rubuta wannan, don in faɗi yadda jinyar abokina Iro ta kasance, da hannun da nake da shi cikin abin da ya same shi. Ba neman a tausaya mini nake yi ba. So nake duk wanda ke zaune da mai ban dariya a gida ya san cewa shi ma jiki gare shi.

Ni da Iro manoma ne da damina, kamar kowa. In kaka ta yi, an cire gyaɗa, hannun mutane ya ɗan yi nauyi, sai in rataya 'yar gangata mu shiga bin kasuwanni da gidajen biki a ƙafa: Gaya, Ajingi, Kademi, Balan, duk inda rana ta kai mu. Mu ba 'yan kama ba ne, ba kuma 'yan gambara ba. Ba ma zagin kowa, ba ma kwaikwayon kowa. Wasanmu guda ɗaya ne tak: Iro ya faɗi mugun abin da zai faru, ni in ce alheri ne. Shi ya sa aka sa masa Fid-da-Rai, ni kuma Sa-Rai.

Sai ya tsaya tsakiyar fili, dogo, siriri, fuskar nan a murtuke kamar an yi masa rasuwa, ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Wannan hadarin na ƙarya ne. Iska ce, za ta kwashe muku jinka ta wuce."

In buga ganga in ce, "Ruwa ne, jama'a, ku fito da tukwane!"

"In ma an yi ruwan, fara ce za ta cinye geron."

"To, mu kuma mu cinye farar!"

"Da wane gishirin?"

"Da na hawayenka mana, ai ba ya ƙarewa!"

Daga nan sai ya buga ƙafar hagu a ƙasa don haushi, ya sake bugawa, bugun ya zama rawa. Wannan rawar haushin ita mutane ke barin rumfunansu su zo kallo.

Ƙa'ida ɗaya muka ɗaura tun muna samari, tun kafin Turawa su tafi: kome Iro ya faɗa, ban yarda ba. Ranar da na ce masa "haka ne," wasa ya mutu. Da farko a kasuwa kawai muke riƙe da ita. Amma mutane ba su bar mu ba. A bakin rijiya, a ƙofar masallaci, a wajen gayya, da ya buɗe baki sai idanu su juyo kaina ana jiran amsa. A kwana a tashi har ya zama ko mu biyu ne kaɗai a hanya, in ya ce rana ta yi zafi, sai in ce inuwa na gaba. Kusan shekara ashirin bakina bai taɓa gaskata mutumin nan ba.

Na daɗe da lura da wani abu. Iro ake yi wa dariya, amma ni ake miƙa wa kyautar. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa a Kademi ta taɓa ce mini, "Shi yana faɗin abin da ke cikinmu, kai kana faɗin abin da muke roƙon Allah." Na ji daɗin maganar, har na ɗauka ni ne na fi shi amfani a duniya.

Shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, damina ta yi mana gardama. Abin da Iro ya saba faɗa da wasa sai ga shi ƙiri-ƙiri a gonaki. Na zaci mutane za su tsane shi, sai na ga dariyar ma ƙaruwa ta yi. Mutum ya baro rumbu ba komai, ya zo ya ji Iro ya ce masa baɗi ma haka za a yi, ya yi ta ƙyalƙyala har da riƙe ciki.

A wannan shekarar ciwon ya fara, kuma wallahi a idona ya fara. Iro ya soma rama. Ƙishirwa ba ta barinsa, duk rijiyar da muka wuce sai ya roƙi guga. Kafin mu kai Ajingi daga gida sai ya ratse bayan kargo ya fi sau biyar. Wata rana ya dawo daga ratsen ya ce mini, "Ka san tururuwa na taruwa inda na yi fitsari? Tun ban mutu ba sun fara rabon gadona."

Na ce, "Zaƙi ne ya yi maka yawa, har fitsarinka ake rububi."

Muka dubi juna, muka san mun sami sabon abu. Ranar kasuwa muka sa shi cikin wasa, ya karɓu fiye da zancen fara. Kun ji irin wautarmu. Abin da wani zai ɗauka ya kai wa mai magani, mu muka ɗauka muka kai kasuwa.

Sai ga zancen ƙafa. Bayan an yanke gero, muna yanke hanya ta gonaki za mu Balan, kututturen kara ya huda fatar takalminsa ya shiga tafin ƙafar hagu, kusa da babban yatsa. Bai ma sani ba. Ni na ga jini a sawunsa na tsayar da shi. Ya zauna ya zare tsinken, ya ce, "Ko zafi ban ji ba. Ƙafar ta riga ni mutuwa."

Na ce, "Jarumi ke nan!" Muka zuba ƙasa mai laushi, muka ɗaure da tsumma, muka ci gaba.

Mako na farko ba abin da ya canja, sai dai ramin bai rufe ba. Mako na biyu yatsan ya kumbura, Iro ya fara ɗingishi. Mutane suka ɗauka sabon salo ne. A kasuwar Gaya ya buga ƙafar nan a ƙasa kamar yadda ya saba, sai na ga ya cije leɓe, gumi ya keto masa. Ya ce da ƙarfi, "Jama'a, ƙafar nan ruɓewa take yi, ita za ta kashe ni!" Fili ya ɗauki shewa. Ni kuwa na ce, "Ƙiba take yi, saura ɗayar!" Ranar mun sami kyauta har da rabin kwanon gero, a shekarar da gero ya fi zinariya.

Mako na uku matarsa Talatu ta aiko a kira ni. Mace ce mai kawaici, ba ta taɓa shiga sabgarmu ba. Na tsaya a zaure, ta tsaya daga bayan ƙyaure ta ce, "Malam Habu, abokinka fa ba wasa yake yi ba. Ɗakin ba ya shiguwa don wari."

Na shiga. Kai, ban taɓa jin irin wannan ɗoyi daga jikin mai rai ba. Yatsan ya yi baƙi kamar gawayi, na kusa da shi ya fara bi. Iro na kwance a tabarma, zazzaɓi na kaɗa shi. Da ya gan ni ya ce, "Ka zo ganin gawa?"

Kun san abin da na ce? Na ce, "Na zo ganin ango mai lalle." Bakin ne ya faɗa kafin zuciyar ta yi shawara.

Daga nan 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa. Wannan ya ce garin bagaruwa, wancan ya ce a gasa da ruwan zafi da ganyen sabara. Wata gwaggonsa ta ce jifa ne, wani ne ya binne masa abu a hanya don hassadar kasuwa. Aka kawo rubutu, ya sha. Aka ce ya rame, a dama masa fura da zuma safe da yamma, aka yi ta ɗura masa. Duk da kyakkyawar niyya aka yi, Allah Ya saka musu. Waɗanda ban yafe wa da sauri ba su ne masu zuwa su zauna bakin ƙofa su ce, "Fid-da-Rai, ɗan taɓa mana kaɗan mana." Mutum na nishi, su suna jiran abin dariya. In ya ce ba zai kai sallar layya ba, su tuntsire, su tafi gida suna cewa da sauƙi, tunda har yana wasa.

A mako na huɗu na aro jaki muka kai shi ɗakin shan magani na Gaya. Disfensan ya san mu. Da ya hango mu a layi ya fara murmushi, ya ce, "Yau kuma wace masifa za ta sauka, Fid-da-Rai?" Ya sa aka kwance tsumman. Murmushin ya ɗauke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya dube ni, ba Iro ba, ya ce, "Tun yaushe?" Na faɗa masa. Ya ce, "Kana tare da shi kullum?" Na ce e. Sai ya wanke ciwon da hannunsa, ya yi masa allura, ya rubuta takarda ya ce gobe-goben nan a kai shi babban asibiti a Kano. Mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa in ya rasu.

A gida aka yi ta ja-in-ja. Wan Iro, Yaya Garba, shi ne babba a gidan, ya ce atafau. "Kano? Inda ake yanke wa mutane ƙafa kamar rake? Ɗan'uwana da ƙafa biyu ya zo duniya, da biyu zai koma." Talatu ce ta kwance akuyarta ta ba ni ta ce in kai kasuwa. Da Yaya Garba ya ga haka kunya ta kama shi, ya ce to, amma da shi za a je.

Wani direban babbar mota ya ɗauke mu daga Gaya, ya sauke yaron motarsa daga gaba ya sa Iro, bai karɓi ko kwabo a kansa ba. Ban san sunansa ba, amma ina sa shi a addu'a. Muka bi ta Wudil muka shiga Kano da azahar. Ranar ba mu sami kati ba. Mai ba da katin ya rufe tagarsa muna mutum na huɗu a layi, na roƙe shi na nuna masa ƙafar, ya ce ba shi ya sa masa ciwon ba. Muka sauka a zauren wani mutumin Gaya mai sayar da hatsi. Washegari tun da sassafe muka koma, rana ta take kafin a kira mu.

Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, sai da tafinta. Ya sa aka auna fitsari da jini. Ya danna ƙafar da yatsa daga ƙasa yana hawa, yana tambaya, "Nan fa? Nan fa?" Sannan ya yi magana doguwa, tafinta ya gajarta mana. Ya ce Iro na da ciwon sukari, ya daɗe da shi, shi ya hana ciwon warkewa. Da aka ce masa ana ba shi zuma, sai ya dafe kai. Sai kalmar da har yau take kunnena: "Naman ya mutu, kuma mutuwar hawa take yi." Ya ja layi da alƙalami a ƙaurin Iro, taƙi guda ƙasa da gwiwa. Ya ce in an yanke nan yanzu, gwiwa za ta tsira, ana iya yi masa ƙafar katako ya yi tafiya. In an jira, ba ya iya yin alkawarin komai. Amma ba za su taɓa shi ba sai shi da kansa ya dangwala yatsa a takarda.

Aka ba shi gado, aka ce ya yi tunani zuwa gobe.

Da la'asar Yaya Garba ya ja ni gefe. Ya ce akwai wani mai magani a wani ƙauye bayan Ajingi da ya warkar da gyambon da ya fi wannan. Ya ce, "Kai yake jin maganarka. Kai ne Sa-Rai. Ka ƙarfafa masa zuciya mu tafi da shi gida."

Na shiga wurin Iro. Ya ce in taimaka masa ya fita, warin magani ya ishe shi. Na riƙe shi muka zauna gindin wata darbejiya a harabar asibitin. Ya daɗe yana kallon layin alƙalamin nan. Sannan ya kira ni da sunan da ya yi shekaru bai kira ni da shi ba.

"Habu."

Na ce, "Na'am."

"Ba kowa a nan, ba ganga. Ka ga ƙafar, ka ji likita. Tsakaninka da Allah, za ta warke in mun koma gida?"

Ga gaskiyar da na zauna rubutawa. Na san amsar. Hancina ya san ta tun mako na uku. Amma na dube shi, na tuna ƙafar nan ita ce rawar, ita ce hanyar kasuwa, ita ce abincinsa, kuma, kada in yi wa Allah ƙarya, ita ce abincina. Ga tsoro ƙarara a idonsa. Ban taɓa ganin Iro yana jiran in ce alheri ba sai ranar. Kullum in na faɗa tsaki yake yi. Ranar kuwa jira yake yi.

Na ce, "Za ta warke, Iro. Wata biyu kana buga ta a kasuwar Gaya."

Ya sauke numfashi ya ce, "To, mu tafi gida."

Wata nas, babbar mace mai faɗa, ta biyo mu har bakin ƙofa tana cewa, "Za ku dawo, kuma ba haka za ku dawo ba!" Yaya Garba ya ce Allah Ya fi ta. Ni ban iya ɗaga ido na dube ta ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi wurin mai maganin. Ba zan zage shi ba, abin da ya gada ya yi. Ya tsaga, ya matse, ya zuba gari, ya turara. Kwana uku na farko kumburin ya ɗan saɓe, Yaya Garba har ya yi sadakar ƙosai. Daga nan baƙin ya haye idon sawu. Kullum da safe in an kwance ɗaurin sai in nemi layin alƙalamin da ido. Ya dushe, amma ina gane wurin. Ran na takwas baƙin ya taɓa shi. Iro ya daina cin abinci, ya fara sambatu, yana kiran sunayen kasuwanni. Abin da ya fi ba ni tsoro, ya daina faɗin mugun abu. In an tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi.

Ran na goma Talatu ta same ni ina alwala. Wannan karon ba ƙyaure tsakaninmu, kuma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Malam Habu, ya gaya mini kai ka ce za ta warke. Ya ce kai ba ka taɓa yi masa ƙarya a zancen gaske ba. To, ni ban san inda wasanku ya tsaya ba, ku kuka sani. Amma in ya mutu da maganarka a kunnensa, ni da kai sai gaban Allah."

Ta juya ta tafi. Na zauna da buta a hannu. Haushinta na fara ji, wallahi, don ta faɗi abin da nake ɓoye wa kaina. Sannan na tashi na shiga bukkar da aka kwantar da mai jinyar. Na sami Iro idonsa biyu, hankalinsa ya ɗan dawo. Na durƙusa na ce, "Iro, ƙarya na yi maka a Kano. Ƙafar nan ba za ta warke ba. Ta mutu, kuma in ba a cire ta ba za ta tafi da kai. Abin da ka faɗa a kasuwar Gaya, haka ne."

Na zaci zai yi kuka ko ya zage ni. Sai ya rufe ido, ya ce a hankali, "Ashe bakinka na iya faɗinta." Can ya ce, "A nemo mota."

Yaya Garba ya fara tada jijiyar wuya. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba na ce, "Yaya, in ƙafa kake so, za a ba ka ita ka binne. Mu mutumin muke so." Ya yi wata uku bai amsa gaisuwata ba.

Da muka koma, nas ɗin nan mai faɗa ce ta fara ganinmu. Na shirya jin gori. Sai kawai ta ruga ta kira likita, ba kati ba layi. Likitan ya duba, ya girgiza kai, ya sake jan layi. Wannan karon a cinya ya ja shi, sama da gwiwa. Iro ya dangwala yatsa. Washegari da hantsi aka shiga da shi, ni da Talatu muka zauna a baranda har aka fito da shi bayan azahar, zanen da aka rufe shi da shi ya kwanta shafal a gefen hagu.

Mako bakwai muka yi a asibitin. Makon farko ba a san inda za a faɗa ba, zazzaɓi ya ƙi sauka, ana ta allura. A na biyu ya fara shan kunu ba sukari yana ɓata fuska. Yakan farka ya ce babban yatsan hagu na yi masa ƙaiƙayi, in sosa masa. Na rasa inda zan sa hannu. Abinci sai mun sayo a waje, magani wani a ba mu, wani a ce babu sai kanti. Na sayar da gangata a nan Kano, ban gaya masa ba. Masu shara na yi mana tsawa kamar mun zo bara, amma nas ɗin nan ita ke wanke dungulmin da kanta, tana yi tana masa faɗa, shi kuma yana ce mata hannunta ne zai ƙarasa shi. Ranar da na ji ya faɗi haka na san ya dawo.

A gadon da ke kusa da nasa akwai wani malamin firamare da ya karye a cinya, kullum da jarida a hannu. Wata rana ya nuna mana wani zane a ciki: manomi ya leƙa rumbunsa, ga ɓera na fitowa da ƙunshin kayansa a ka, zai yi ƙaura. Malamin ya ce shi ba ya son irin wannan zane, mutane na cikin yunwa, kamata ya yi a zana musu abin da zai kwantar musu da hankali. Iro ya karɓi jaridar ya kai ta kusa da ido, don ganinsa ya fara raguwa. Ya yi dariya har ɗinkin ya yi masa zafi.

Ya ce, "Malam, mai zanen nan ɗan'uwana ne. Wanda rumbunsa ba komai ya riga ya sani. In ka zana masa rumbu cike, sai ya ga shi kaɗai ne a cikin wahala. In ka zana masa ɓeran nan, sai ya ce ashe an gan ni."

Malamin ya nuna ni ya ce, "To, shi abokin naka fa? Aikin banza yake yi ke nan?"

Iro ya ce, "A'a. In ba shi, wa zai iya saurarona har ƙarshe? Sai mutane su watse su je su rataye kansu. Shi ma yana da ranarsa." Ya ninke jaridar ya miƙa masa. "Sai dai ba kowace rana ba ce."

Bai dube ni ba da ya faɗa, ni ma ban dube shi ba.

Na yi ta juya wannan magana shekara da shekaru. Ban yarda sa rai laifi ba ne, har gobe. Na ga matan da maganata ta sa suka koma gida da ƙarfin sake shuka. Amma ni na mai da shi sana'a, har ya zama ba na iya ajiye shi ko a gaban ciwo. Shi kuma Iro ya yi ta kiran masifa don a yi dariya, har ranar da ta zo da gaske ba wanda ya ji kiransa. Don haka ga gargaɗina, a fili. In mutum na yawan ƙishirwa da fitsari yana rama, a kai shi a auna, kada a ba shi zuma. In ciwo a ƙafa ya yi mako biyu bai rufe ba, ko ba ya zafi, musamman ma in ba ya zafi, a tafi asibiti. In kuma mara lafiya ya kira ka gefe ya ce tsakaninka da Allah, to, ka ba shi abin da ya tambaya.

Mun dawo gida ana shirin sharar gona. An gwada masa ƙafar katako, amma da yake ba gwiwa, ga rashin ƙarfi, ta ƙi zama, kullum sai ta goge masa fata. Ya jingine ta a kusurwar ɗaki ya koma sanduna biyu. Da gwiwar na nan, da ya taka. Wannan ba wanda ya faɗa mini, kuma ba na bukatar a faɗa. Ba mu sake fita wasa ba. Ya koma saƙar igiya da faifai a ƙofar gida, ni na haɗa gonarsa da tawa ina nomewa, duk wata in ɗora shi a jaki mu je Gaya karɓar magani.

A ɗaya daga cikin waɗannan tafiye-tafiyen ne, muna dawowa, na tsayar da jakin a inuwar wata tsamiya. Na daɗe ina ɗauke da maganar, ta yi mini nauyi. Na ce, "Iro, ka yafe mini ƙafarka."

Ya dubi dungulmin, ya shafa shi. Fuskar nan a murtuke kamar kullum.

Ya ce, "Daga yatsa zuwa ƙauri, wannan ƙaddara ce da wautata, ba ruwanka. Na yafe abin da ba ka ci ba." Ya ɗora hannu inda gwiwa ya kamata ta kasance. "Gwiwar ce taka. Ita kam, bari in yi shawara."

Na tsaya ina kallon bakinsa, ina jiran ya ɗan motsa, in gane. Bai motsa ba. Ya ce in kora jakin, rana na yi.

Shekara biyar ya ƙara a duniya. Kullum muna tare, ƙwarya ɗaya muke shan kunu, ni na yi masa wanka da ya rasu, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Sau biyu na sake tayar da zancen, sau biyu yana ce mini bai gama shawara ba. Mutumin da na fi kowa sani a duniya ke nan, kuma har yau da nake rubuta wannan ban san ko wasa yake yi ba.